Darasi: Sauya Bulok Ɗin Injin Tarakta Massey Ferguson 135

Assalamu alaikum jama'a masu kallonmu, barkanmu da sake haɗuwa a wannan gareji. Taraktar da kuke gani a bayana Massey Ferguson 135 ce, irin waɗanda aka ƙera daga 1964 zuwa 1975, kuma wannan daga masana'antar Coventry da ke Ingila ta fito. Injin da ke cikinta Perkins ne mai silinda uku, wanda ake kira AD3.152, mai girman lita 2.5. Mai ita ya kawo ta ne da ƙorafin cewa ruwan lagireto yana raguwa kullum, baƙin mai kuma ya koma fari kamar nono. Da farko na ɗauka gasket ɗin tof silinda, wato murfin saman inji, ne ya ƙone, amma da muka sauke tof ɗin muka wanke, sai ga tsagewa ta bayyana a jikin bulok ɗin kansa, wato gangar jikin injin.

A ƙasashen sanyi, ruwan da ya daskare a cikin inji ne yake fasa bulok. Mu a nan abin da ya fi yi mana ɓarna shi ne inji ya yi zafi a gona, direba ya ɗebo ruwan sanyi ya antaya masa nan take. Wasu za su ce a kai wa mai walda. Idan tsagewar a waje take, wani lokaci ana dacewa, amma wannan ta ratsa hanyar ruwa ta kai ga mazaunin silinda, saboda haka na faɗa wa mai ita gaskiya cewa sauyawa ce kawai mafita.

Na riga na zubar da ruwa da mai, na cire batir da lagireto da tankin gas, waɗannan ba sai na nuna muku ba. Abin da nake so ku lura da shi shi ne, wannan tarakta ba ta da shasi irin na mota. Injin ne ƙashin bayanta, domin gatarin gaba a jikinsa yake ɗaure, bayansa kuma yana haɗe da gidan giya. Duk wanda ya kwance kusoshin tsakiya ba tare da ya tokare ta ba, to za ta karye masa gida biyu a kan ƙafa. Ga yadda muka yi: mun sa katako a gaba da bayan manyan tayoyi, mun tokare ƙarƙashin gidan giya da jak da kututture, sannan muka rataye injin da sarƙar ɗaga kaya. Ku dubi waɗannan ƙananan katakan da na cusa hagu da dama a tsakanin gatarin gaba da mariƙinsa. Gatarin yana lilo ne a kan ƙusa ɗaya, kuma idan ba a tsare shi ba, da zarar an raba taraktar injin zai kife gefe guda.

Yanzu mu zo kan sabon bulok ɗin, ko kuwa in gyara maganata, ba sabo ba ne, na hannu ne da aka ciro daga wata taraktar. Ko a Panteka ta Kaduna za ku nema, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, ku tafi da lambar injinku wadda aka buga a jikin tsohon bulok. Dalili kuwa, akwai wani injin Perkins mai silinda uku da ake kira A3.152, wanda yake cikin Massey Ferguson 35, kuma a ido kamar tagwaye suke, alhali tof silinda da fistin ɗinsu ba iri ɗaya ba ne. Haka nan ku duba bayan karanshaf, domin na farkon fitowa da igiya ake tare mai a wurin, na baya kuma da sil na roba, kuma dole abin da kuka sayo ya dace da karanshaf ɗin da ke hannunku.

A nan zan ɗan tsaya, domin wurin nan ya taɓa wahalar da ni. Waɗannan murafan guda huɗu da suke riƙe karanshaf a ƙasan bulok, a masana'anta ana ɗaure su ne a jikin bulok ɗinsu sannan a huda ramin gaba ɗaya a layi ɗaya. Ma'ana, kowane murfi ɗan gidan bulok ɗinsa ne, kuma yana da gurbinsa da fuskarsa. Lokacin da nake yaron gareji, na taɓa ɗaukar murafan tsohon bulok na ɗaura a kan wani, don na ga sun fi tsabta. Da na gama ɗaurewa, karanshaf ya ƙi juyawa ko da ƙarfe, maigidana kuwa bai ce mini komai ba, sai ya sa na kwance da hannuna na jera su a ƙasa har na gane kuskurena. Saboda haka idan mai sayarwa ya ba ku bulok babu murafansa, ku bar masa kayansa komai arharsa. Ku dubi lambobin da ke jikin waɗannan, ɗaya daga gaba, har zuwa huɗu a baya.

Silif ɗin wannan inji, bututun da fistin ke hawa da sauka a cikinsa, busasshe ne, wato ruwa ba ya taɓa shi, kuma siriri ne ƙwarai, don haka ba na yarda a buga shi da guduma. Mun kai wa masu injin matsa ƙarfe sun zura sababbi, muka dawo muka wanke hanyoyin mai da gas, muka hura musu iska, muka kuma sauya ƙananan murafan hanyar ruwa tun bulok yana ƙasa, domin kuɗinsu kaɗan ne amma cire su daga baya aiki ne. Na shafa mai a kan metal, wato ƙarafan da karanshaf ke kwanciya a kansu, na kwantar da karanshaf, kuma ina ɗaurewa da sifana mai awo bisa adadin da littafin injin ya bayar. Bayan kowane murfi sai na juya karanshaf da hannu, domin idan ya cije in san wanda ya jawo.

Kai yaro, miƙo mini fistin na ɗaya. A'a, wancan mai alama a kai, kuma alamar gaba za ta kalla. Bayan kun zura su, ku kawo kowane fistin can sama ku auna tsayinsa da fuskar bulok, domin bulok na hannu mai yiwuwa an taɓa goge fuskarsa. Idan fistin ya yi sama da yawa zai daki bawul, idan kuma ya yi ƙasa injin zai riƙa wuyar tashi da safe yana farin hayaƙi.

Haƙoran gaba, wato giyoyin da ke saita lokacin inji, suna da alamomi a kan na karanshaf da na tsakiya da na kamshaf da na famfon gas, kuma sai dukkansu sun haɗu a lokaci guda kafin a rufe. Tof silinda kuwa daga tsakiya ake fara ɗaure shi ana fita waje, da sabon gasket. Ni dai ba na mayar da tsoho ko da ya yi kyau a ido. Tazarar bawul milimita 0.30 ce idan injin yana da sanyi.

Wajen mayar da injin jikin gidan giya, ku daidaita faifan kuloci a tsakiya, ku turo gaban a hankali kuna ɗan juya fulawil har haƙora su shiga da kansu. Kada ku jawo shi da kusoshi idan ya ƙi, domin faifan zai lanƙwashe. Gobe in Allah ya kai mu za mu fitar da iska daga famfon gas mu tayar da ita, mu bar ta ta yi zafi, sannan mu sake bin kusoshin tof silinda da tazarar bawul kafin ta koma gona.