Lacca: Daidaita Maƙogwaron Totur a Injin Babur

Assalamu alaikum. Iyayen gidanmu na wannan sana'a da ƙannenmu masu koyo, barkanmu da haɗuwa.

Batunmu na yau ya shafi manyan babura masu silinda biyu, uku ko huɗu, waɗanda kowace silinda take da nata maƙogwaron totur. Mai silinda ɗaya babu ruwansa da wannan aiki, don ba shi da abokin da za a daidaita shi da shi. A cikin kowane maƙogwaro akwai ɗan faifai da ke buɗewa in an ja totur. Fistin in ya yi ƙasa, yana zuƙo iska ta gefen faifan nan, kwamfutar babur kuma ta sa injekta ta fesa fetur. Tana fesawa ne bisa zaton duk silindodin iska ɗaya suke samu. To in wannan ta sha da yawa, waccan ta sha kaɗan fa? Sai ya zama kamar shanun huɗa biyu a garma ɗaya, ɗaya na ja, ɗaya na jan ƙafa.

Ku lura da inda ciwon yake fitowa. In an buɗe totur sosai, ɗan bambancin ba ya komai, hanya ta wadata. Amma a silo, wato lokacin da inji ke aiki ba a ja totur ba, faifan kusan a rufe yake, ta wata 'yar kafa iska ke wucewa, don haka bambanci ƙanƙani sai ya zama babba. Shi ya sa za ku ji silo na hawa da sauka, hannun babur na karkarwa, in mahayi zai tashi daga tsaye mashin ya riƙa fizga. Ya hau babban titi kuwa, lafiya lau.

Ba da kunne ake wannan aiki ba, da awo ake yi. Na san akwai gwanayen sauraron inji a cikinmu, ina kuma girmama su, amma kunne ba ya raba silinda huɗu da ke bugawa a jere. Kowane maƙogwaro yana da 'yar tsinin kafa da aka toshe da hular roba. A nan ake cusa tiyon geji, a auna ƙarfin zuƙar kowace silinda. Akwai geji mai allura, akwai na lantarki, akwai kuma tsohon nan mai zaiba a bututun gilashi. Zaiba guba ce, kuma in aka ba inji wuta aka saki totur farat ɗaya, inji na iya zuƙe ta. Mai silinda biyu zai iya haɗa nasa gejin da dogon farin tiyo da ɗan mai a ciki: duk ɓangaren da man ya fi hawa, shi ya fi zuƙa. Littattafan gyaran Yamaha da dama sun ce kada bambanci ya wuce milimita 10 na zaiba. Ku duba littafin mashin da ke gabanku, kowane kamfani da nasa adadi.

Yanzu ga abin da na fi so ku riƙe. Wannan daidaitawa ita ce aikin ƙarshe. Geji zuƙa yake nunawa, bai san dalilinta ba. In bawul ya matse, zuƙa za ta sauya. In robar da ke tsakanin maƙogwaro da kan inji ta tsage tana satar iska, za ta sauya. Haka in fulogi ya gaji. Wanda ya juya sukuru har layukan geji suka daidaita alhali bawul a matse yake, ya lulluɓe cuta ne, kuma ran da aka gyara bawul sai a sake komai. Saboda haka a fara da tazarar bawul, inji na sanyi, a duba fulogi da matatar iska da robobi, a tabbata wayar totur tana da ɗan wasanta.

Sannan a ɗumama inji sosai. A sa fanka a gabansa, musamman mai sanyaya kansa da iska, kuma a yi aikin inda hayaƙin salansa zai fita, don hayaƙin nan yana kisa a rufaffen ɗaki.

A yawancin babura maƙogwaro ɗaya ne ma'auni, sauran ake kawowa su same shi. Sukurun da ake juyawa ko dai na 'yar hanyar iskar silo ne, ko na sandar da ta haɗa faya-fayan. Sukurun da kamfani ya ɗiga wa fenti kuwa, ku bar shi: sau da yawa shi ke tsayar da faifai a mazauninsa, kuma da shi aka saita na'urar da ke gaya wa kwamfuta matsayin totur. A juya kaɗan, kwatan zagaye ma ya yi yawa wani lokaci, a ɗan ja totur a saki, a jira geji ya natsu. Gyaran ɗaya yana motsa sauran, sai an yi ta komawa. Haƙuri ake bukata a nan.

Wani ɗan'uwa can baya ya tambaya game da sababbin babura masu totur na lantarki, irin wanda Yamaha ta sa wa R6 a 2006. Wasunsu har yanzu suna da sukurun iska, wasu kuma sai an jona kwamfutar gyara. Kada a tura faifansu da yatsa.

In an gama, a duba silo ko yana inda littafi ya ce, a cire tiyo, a mayar da kowace hular roba, wadda ta bushe a canza ta. Ɗaya tak aka manta, iska za ta shiga ta nan ta rushe aikin. Sai a hau a gwada a giya ta ɗaya da ta biyu, a hankali, don a nan bambancin ke bayyana.