Tallafin masu ciki da yara: wai asusun wa kuɗin ke shiga ne?

[Allon waya, saƙon WhatsApp yana wucewa]

Wannan saƙon da kuke gani na san ya shigo gurup ɗinku, wai gwamnati na rabon tallafin mata masu juna biyu, ki danna linki ki saka BVN sai ki ji alat. Dan Allah Hajiya kar ki danna. Kuɗin kam akwai su, amma ba ta nan suke bi ba, kuma ba asusunki za su shiga ba.

[Ginin majalisa, Abuja]

Bari mu yi sauri a nan. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ce ta kafa asusun da ake kira BHCPF, ta ce duk shekara gwamnatin tarayya ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigarta saboda lafiya a matakin farko. Sai 2018 aka fara saka shi a kasafi, naira biliyan 55 da ɗoriya. Shekara huɗu doka na kwance a durowa, ku dai bari kawai.

[Zane: kibiyoyi na rabuwa]

Kusan rabi na bi ta hukumar inshorar lafiya ta ƙasa NHIA, kashi 45 ta hukumar lafiya matakin farko NPHCDA, ɗan ragowar na agajin gaggawa ne. Shikenan, wuce nan.

[Asibitin sha-ka-tafi, mata a kan benci riƙe da katin awo]

To nan ne wajen da ake ruɗewa, ku ɗan tsaya. Kaso mai tsoka na kuɗin NPHCDA ɗin nan yana sauka ne a asusun banki mai sunan asibitin kansa, wato sha-ka-tafin da aka zaɓa, galibi guda a kowace mazaɓa. Ba sunan incaji ba, ba sunan kansila ba, balle naki. Kamar kuɗin cefane ne, ba a danƙa wa yara a hannu, a tukunya ake ganinsu. Ke abin da za ki gani shi ne ƙwayar ƙarin jini a kan kanta ranar awo, na'urar gwada hawan jini mai aiki, safar hannu da auduga a ɗakin haihuwa, fitilar sola ta yadda ungozoma ba za ta karɓi haihuwar dare da tocilan waya a baki ba. Wannan famfon da kuke gani a bayan ɗakin, irin gyaransa ne aikin kuɗin.

Kuma incaji ba zai ciri ko sisi shi kaɗai ba, hannu biyu ake sawa, nasa da na shugaban kwamitin ci gaban mazaɓa, wanda shi ba ma'aikacin lafiya bane, mutumin gari ne, wataƙila ma sahu ɗaya kuke sallah da shi malam. Duk wata uku su zauna su rubuta abin da asibiti ke buƙata, a amince, a kashe, sannan su kai rasit, in rasit bai cika ba kuɗin zango na gaba na iya maƙalewa, to kun ga in an ce maku "magani ya ƙare" ba lallai Abuja ce ta hana ba, wani lokacin takarda ce ke kan teburin wani.

Nawa ne kuɗin? A shekarun farko wajen naira dubu 300 ne duk wata uku. Ku raba da kanku, dubu 100 a wata, na asibiti sukutum. Daga baya an sanar da ƙari, amma ni a ganina har yanzu da sauran tafiya, duba da yadda farashin magani ya yi tashin gwauron zabi.

[Tebur, ma'aikaciya na ɗaukar bayanai]

Sai ɓangaren inshora. Shi ma ba hannunki zai zo ba. Hukumar jiha ce ke yi maki rijista, a Kano KSCHMA, a Kaduna KADCHMA, kowace jiha da tata, sai ta riƙa biyan asibitin a madadinki, ke kuma ki yi awo, ki haihu, a duba yaro ɗan ƙasa da shekara 5 ba tare da kin biya ba. Sai dai guraben a ƙidaye suke, shi ya sa za ki ga maƙwabciyarki an ce mata kyauta ke an ce ki biya, sai rigima ta tashi a layi ana zargin nas da son kai, alhali ita tana cikin rijista ke ba kya ciki. Rigakafin yara dai kyauta ne ga kowa, da kati ko babu.

Dan haka ranar awo ki yi tambaya biyu. Asibitin nan yana cikin masu karɓar BHCPF? Ina ake rijista? Ki riƙe lambar NIN ɗinki. Ku kuma maza, maimakon zama a kan babur a bakin get kuna jiran a fito, ku tambayi waye shugaban kwamitin mazaɓarku, ku ce ya faɗa maku me aka saya da kuɗin zangon da ya wuce, haƙƙinku ne.

[Ƙofar ɗakin tiyata]

Na ga masu tambayar tiyatar haihuwa kyauta da ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar a Nuwamban 2024. Ita ba a sha-ka-tafi ake yinta ba, sai manyan asibitocin da aka tantance, wannan sai bidiyo na gaba.