Amsoshin Tambayoyinku: An Ba Ni Shugabanci a Kan Waɗanda Suka Koya Mini Aiki

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka daga nan Jos. Wasiƙu uku muka ɗauko yau, amma ta farko ce za ta fi cin lokacinmu.

Wani matashi ne ya rubuto daga Dilimi. Ya ce maigidansu ya damƙa masa ragamar gareji mai ma'aikata tara, ciki har da dattawa biyu da a hannunsu ya koyi riƙe sifana. In ya raba aiki sai su yi kunnen uwar shegu, yara kuma sai sun kalli fuskarsu kafin su motsa. Shin ya kai ƙara wurin maigida?

Ɗan'uwa, dakata tukuna. Ranar da maigida ya daka musu tsawa saboda kai, za su bi ka kwana biyu, zuciyarsu kuwa ta bar wurin. Ka same su inda babu yaro ko ɗaya, ka rusuna ka gaishe su yadda ka saba, ka ce: "Baba, kaya aka ɗora mini. In kun janye hannu ni zan faɗi, kuma ku za a ce ba ku koya mini ba." Sannan ka ware musu abin da ya dace da furfurarsu: kada mota ta fita sai ɗayansu ya saurari injin ya ce ta yi. Kai ka riƙe lissafi, da sayen kayan gyara, da magana da masu mota.

Inda nake so ka buɗe ido sosai shi ne kuɗi, domin nan ne zumuncin wurin aiki yake yawan tsinkewa. Duk abin da ya shigo a rubuta a littafin da kowa zai iya dubawa. Na goro da mai mota ya miƙa maka, na duk wanda ya shiga ƙarƙashin motar ne. In yaro ya ɗaura birki ba daidai ba, ka ce wa mai motar "laifinmu ne", ka ja yaron gefe ka gyara masa. Dattawan nan suna kallo, kuma da wannan za su auna ka. Ka tuna hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa kowannenmu makiyayi ne kuma za a tambaye shi kan kiwonsa.

Ta biyu daga wata baiwar Allah ce, ma'ajin ƙungiyar masu sayar da kayan gwari a Farin Gada. Shugabarsu ta ranci kuɗin asusu sau biyu, ta ce kada a rubuta, ai ana tare.

Hajiya, wannan ya dame ni ƙwarai, don ranar da aka nemi kuɗin sunanki za a fara kira. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ki sanar da ita cikin ladabi cewa za ki shigar da bashin a littafi kafin taro mai zuwa. Ku kuma yi rajista: dokar ƙungiyoyin gama kai ta 1993 ta amince mutum goma su yi rajistar ƙungiya, sai ku buɗe asusun banki da ba a cire ko sisi sai mutum biyu ko uku sun sa hannu.

Na ƙarshe, mai aiki a wani shago a Terminus yana tambaya ko dokar mafi ƙarancin albashi ta naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 ta shafe shi. Malam, dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Amma dokar ƙwadago ta wajabta a ba ka sharuɗɗan aikinka a rubuce cikin wata uku da farawa. Ka nemi takardar nan. In aka riƙe maka haƙƙi, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana da reshe a nan Jos.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.