Amsoshin Tambayoyinku: Yaron da aka kai Amurka yana ɗan shekara shida

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Yau wasiƙu sun yi yawa lokaci kuma ba yawa, tun ban buɗe baki ba injiniya ya fara nuna min agogo, don haka wanda ya ji an gajarce masa amsa ya yi haƙuri. Muna tare da Barista ta waya, lauya ne da ya daɗe a harkar shige da fice.

Ta farko daga Maraɗi, wani malami yake tambaya wai in an haifi yaro a Faransa shi ke nan ya zama Bafaranshe? A'a malam, ba a take ba. In iyayen baƙi ne sai ya cika 18 yana zaune a can, kuma ya zama ya yi shekara biyar a ƙasar tun daga shekara 11.

Wani kuma daga Jos ya ce ya ji in mutum ya yi shekara goma a Amurka ba takarda gwamnati da kanta za ta kira shi ta ba shi. Ɗan'uwa wannan labarin teburin mai shayi ne, babu wanda zai kira ka.

To ga wadda za mu daɗe a kanta, don irinta ta zo mana daga Kano da Yamai har da Garwa. Wata Hajiya ce daga Zangon Kumasi, ta ce ƙaninta ya tafi da ɗansa Amurka a 2005 yaron yana ɗan shekara shida, da bizar ziyara suka shiga, bizar ta ƙare suka ci gaba da zamansu a unguwar Bronx ta birnin New York. Yaron can ya yi firamare da sakandare, Hausarsa ma yanzu sai a hankali, ga kakarsa ba lafiya kullum shi take ambato, kuma an yi masa mata a gida ana so ya zo a ɗaura aure, shi kuma ya ce ba zai iya zuwa ba. Hajiya ta ce anya yaron nan ba guje mu yake ba, tunda ai Obama ya ba yara takarda? Hajiya kun yi masa mata bai gani ba kuma kuna mamaki. Barista bismillah.

Barista: To assalamu alaikum Hajiya, Allah ya ba Baba lafiya. Ita wannan magana in za a fahimce ta sai an koma 2001, a shekarar ne Sanata Dick Durbin da Sanata Orrin Hatch suka kai ƙudurin da ake kira DREAM Act majalisa don a ba yaran da aka shigo da su suna ƙanana hanyar samun takardar zama, daga nan aka samo sunan Dreamers da ake kiran irin waɗannan yara. Ƙudurin nan ya yi ta shiga yana fita, a 2010 majalisar wakilai ta amince amma a majalisar dattawa ƙuri'a 55 ya samu alhali 60 ake nema, to kin ga biyar kacal, kuma in kin lura da yadda siyasar ƙasar take, 'yan Democrat da 'yan Republican kowa da lissafinsa a lokacin zaɓe, musamman jihohin kan iyaka irin su Texas da Arizona...

Barista yi haƙuri na katse ka, Hajiya ba ta tambayi zaɓe ba. Takardar Obama, akwai ta ko babu?

Barista: Yauwa, can na nufa. Da majalisa ta kasa, sai Obama ya fito da shirin DACA ranar 15 ga Yunin 2012. Sharuɗɗansa, ka shigo kafin ka cika 16, kana zaune a ƙasar ba yankewa tun 15 ga Yunin 2007, kana makaranta ko ka gama ko ka yi aikin soja, ba ka da babban laifi. In ka samu ba za a kore ka ba, za a ba ka izinin aiki, duk shekara biyu ka sabunta. Amma fa Hajiya DACA ba girin kad ba ce, wato takardar zaman dindindin, ba takardar zama ɗan ƙasa ba ce, ɗaga ƙafa ce kawai. Trump ya yi yunƙurin soke ta a 2017, Kotun Ƙoli ta taka masa birki a 2020, sai kuma a 2021 wani alƙali a Texas, Andrew Hanen, ya ce shirin ya saɓa doka, daga nan aka daina amincewa da sabbin masu nema, sai dai masu ita su yi ta sabuntawa. Har yanzu kotuna na jan maganar.

Bari in maimaita don Hajiya da duk mai irin wannan matsala. DACA ba takardar zama ba ce, ɗaga ƙafa ce ta shekara biyu biyu. Ba ta mayar da kai ɗan ƙasa. To Barista, ya zo ya ga kakarsa ko kar ya zo?

Barista: Abu na farko a tambaye shi, yana da DACA ɗin ko ba shi da ita. Yadda Hajiya ta kawo shekarun ya cika sharuɗɗa, amma da yawa iyaye tsoro ya hana su cike fom, suna ganin kai kanka ne ga hukuma. In yana da ita, akwai izinin fita na musamman da ake nema tun kafin a tafi, don dalilin karatu ko aiki ko jinƙai kamar duba mara lafiya, kuma ko da shi jami'in filin jirgi ne mai maganar ƙarshe ranar dawowa. In ya fita ba wannan izini DACA ta tafi ke nan. In kuma ba shi da ita lamarin ya fi tsanani, shekarun yarinta ba a lissafa masa su ba, amma daga ranar da ya cika 18 lissafi ya fara. Wanda ya wuce kwana 180 ba izini ya fita, shekara uku ba zai dawo ba, wanda ya kai shekara ɗaya kuwa shekara goma ce.

Kun dai ji. Shekara goma Hajiya. Yaron da bai san kowa ba sai Bronx, aikinsa can abokansa can, a ce ya zo biki na sati biyu ya tsinci kansa a Kumasi shekara goma. Ni dai a ganina yaron nan ba gudunku yake ba, ku daina yi masa gori a waya, ku haɗa shi da kakar ta bidiyo tukuna kafin lauya ya duba takardunsa. To wace hanya ta rage masa ta girin kad?

Barista: Sa'arsa ɗaya, da biza ya shiga, an buga masa hatimi a fasfo. Wanda ya shiga ta ƙofa haka in ya auri 'yar ƙasa aure na gaskiya yana iya neman girin kad yana cikin ƙasar, ba kamar wanda ya tsallako iyaka ba. Don haka tsohon fasfon nan na yarinta, ko ya mutu ko ya yage, a adana shi kamar zinare. Akwai kuma wata hanya ta yaran da iyaye suka yi watsi da su ko suka zalunta, amma sai ɗan ƙasa da 21 mara aure, shi ya wuce nan.

Hajiya kin ji inda maganar aure ta nufa, amarya ta Kumasi sai dai ta yi haƙuri da mu. Amma samari ku ji da kyau, auren gaskiya aka ce. Wani ma ya rubuto yana tambayar nawa ake biya a yi auren takarda, ko kunya babu, a rediyo. Ɗaurin da zai iya kai shekara biyar ne a dokar Amurka ko tarar da za ta iya kai dala 250,000, ko duka biyun.

Daga Kaduna wata baiwar Allah ta ce 'yarta aka haifa a Ingila, yanzu shekararta tara, su iyayen ba su da takarda. Barista a gurguje.

Barista: Tun 1983 haihuwa kaɗai ba ta ba da zama ɗan ƙasa a Ingila, amma yaron da aka haifa can ya yi shekara goman farko a can yana da haƙƙin a yi masa rajista, saura mata shekara ɗaya ke nan. Wanda aka kai yana yaro kuma in ya yi shekara bakwai yana iya neman izinin zama. Sai dai hujja, ku tuna abin kunyar Windrush a 2018, mutanen da aka kai daga Karibiyan suna yara, sun tsufa a Ingila aka ce su kawo shaida, wasu suka rasa aiki wasu aka kore su, har ministar cikin gida Amber Rudd ta sauka. Ni wata uwa ta taɓa zuwa ofis ɗina da gwangwanin biskit, na buɗe na ga katin rigakafi, sakamakon jarrabawa na kowane zango, wasiƙun likitan haƙori, har takardar da makaranta ta aiko ranar da yaron ya yi faɗa. Gwangwanin nan ya fi duk surutun da zan yi.

Ta ƙarshe daga Makka, wani ɗan'uwa ya ce can aka haife shi, can aka haifi babansa, me ya sa har yau sai da iƙama? Saboda Saudiyya ta jinin uba take bi, haihuwa a ƙasar ba ta isa ba. Barista na ga kana gyara murya, wannan ta 'yan'uwanmu takari doguwa ce, da maganar kafili da kuɗin da aka ɗora wa iyalan baƙi tun 2017, injiniya kuma ya riga ya miƙe tsaye. Da ita za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu.