Kafin ku fasa kafso a ruwan kaji, ku leƙa akurki da dare

Kaza ta rage ƙwai, ta rame, zankonta ya koɗe, kullum tana tsattsagar jikinta da baki. Abin da yawancin masu kiwo ke yi shi ne su fasa kafso su zuba a ruwan sha. A dakata tukuna. Sau da yawa abin da ke cin kazar nan a bango yake kwana.

Akwai wata jar ƙuma, girmanta bai kai ƙwayar gero ba. Da rana ba za ku gan ta a jikin kaza ba, domin tana laɓe ne a tsagar katako, da ramukan bango, da ƙarƙashin sandar da kaji ke hawa su kwana. Sai duhu ya yi take fitowa ta sha jini, kafin gari ya waye ta koma. Shi ya sa mutum zai ɗaga kaza ya duba ta tsaf, ya rantse ba ta da komai. Ku ɗauki tocila bayan kaji sun kwanta, ku goga farin ƙyalle a ƙarƙashin sandar. In kun ga jan layi a ƙyallen, ita ce. Wata alamar kuma, kaji su fara ƙin shiga akurki da magariba.

Daga ƙwai zuwa babba, kamar kwana 7 kawai take ɗauka, kuma tana iya yin watanni ba ta sha jini ba. Don haka fitar da kaji na mako guda bai kashe ta. Akurkin ne mara lafiya. A kwashe shimfiɗa a ƙone, a wanke da ruwan zafi da sabulu, a fesa maganin da aka yi don ɗakin kaji har cikin tsaga, sannan a maimaita bayan mako guda, saboda ƙwayayen da suka ƙyanƙyashe. Wannan maimaicin shi ne mutane suka fi tsallakewa.

Kwarkwata ita a jiki take zama. Ku buɗe gashin da ke kewaye da dubura, za ku ga ƙwayayenta sun taru fari fat a gindin gashi. Hodar kwarkwatar kaji tana yi, ita ma a sake bayan kwana 7 zuwa 10. Ku tanadar musu busasshen yashi da toka su riƙa birgima. In kuma ɓawon ƙafa ne ya tashi ya yi kaushi, wani ƙaramin ƙwaro ne ya shiga ƙarƙashinsa, a shafe ƙafar da Vaseline a kai a kai, yana toshe wa ƙwaron numfashi.

Kada a ɗauko maganin ƙumar kare ko na feshin gona. A 2017 an kwashe miliyoyin ƙwai daga kasuwannin Turai saboda an sami fifronil a cikinsu, maganin ƙwari irin na ƙumar kare da aka hana amfani da shi a kan dabbar da ake ci.

Sai na ciki. Maganin tsutsa mai suna fiferazin yana fitar da macijin ciki, amma bai kashe tsutsa mai faɗi, don haka in an ba da shi ba a ga sauƙi ba, a nemi likitan dabbobi ya duba kashin. 'Yan tsaki masu mako 3 zuwa 6 da ke kashi da jini, sun takure sun saki fukafukai, galibi cutar hanji ce da ake kira koksidiya. Maganinta amfuroliyom a ruwan sha, kuma a canza jiƙaƙƙiyar shimfiɗa, domin a nan cutar ke yaɗuwa. Kowane magani kuka ba, ku karanta takardarsa, ku ga kwana nawa za a jira kafin a ci ƙwai ko nama.

Amma in kaji suka fara koren zawo, suna haki, wuya yana murɗewa, suna mutuwa a jere, wataƙila cutar Niyukasil ce, kuma murar tsuntsaye ma tana iya zuwa da irin wannan kama. Dukkansu ƙwayar cuta ce irin ta bairos ke kawo su, kafso bai yi musu komai. A ware marasa lafiya, kada a sayar, kada a yanka, a binne mushe da zurfi, a wanke hannu, a sanar da jami'in dabbobi. Niyukasil rigakafi ake yi mata tun kaji suna lafiya, irin su LaSota, kuma ana sabunta shi lokaci-lokaci. Sabuwar kaza kuwa, ko ta fi kowa ƙosawa, a killace ta ita kaɗai aƙalla mako 2 kafin ta shiga cikin sauran.