Magniziyam: Lambobi Biyu a Jikin Kwali

Assalamu alaikum jama'a. Ku dubi kwalin nan da ke hannuna, Magné B6 ne, ƙwayar magniziyam, wato sinadarin da jijiyoyin jiki ke buƙata, sananne a farmasin Garwa da Marwa. Idan zafin Afrilu ya taso, mutum ya wuni yana zufa, cikin dare jijiyar sha-raɓa ta ɗaure masa, da safe sai maƙwabci ya ce, "Malam, magniziyam za ka sha."

To, mu duba inda aka rubuta abin da ke cikin ƙwayar. Lamba biyu za ka gani: miligiram 470 da miligiram 48. Shi magniziyam ba a haɗiyarsa tsura, sai an ɗaura shi da wani sinadari, a nan laktat. Wancan 470 nauyinsu ne su biyu a haɗe. Magniziyam ɗin kansa 48 ne kacal.

Babban namiji kuwa yana buƙatar miligiram 400 zuwa 420 kullum, mace 310 zuwa 320. Ke nan ƙwaya ɗaya ba ta cika kashi ɗaya cikin takwas na buƙatar namiji ba. Saura a ina? A cikin akushi: gero, dawa, wake, gyaɗa, riɗi. Sai dai mafi yawan na hatsi a dusa yake. Idan an matsa wa surfe don tuwo ya yi fari tas, akuyar gidan ce ta ci riba.

Kuma magniziyam ɗin da ake sayarwa ba iri ɗaya ba ne: ban da mai laktat, akwai wanda aka ɗaura da oksid, akwai mai sitirat. Oksid ya fi su magniziyam a nauyi, amma hanji kaɗan yake tsotsa. Sitirat ya fi shiga jiki, sai dai da an zarce yakan saki ciki, a kwana ana zarya bayan gida. Zancen ɗaurewar jijiya kuma, binciken da aka yi a kan dattawa bai nuna yana hana ta ba.

Ƙoda ce ke fitar da rarar magniziyam, don haka mai ciwon ƙoda kada ya taɓa sai likita ya ce. Mai shan magungunan kashe ƙwayoyin cuta sifurofuloksasin ko doksisikilin kuma, magniziyam na kama su a hanji ya hana su shiga jini. A fara shan maganin kashe ƙwayoyin cutar, a jira aƙalla awa 2 tukuna kafin a sha magniziyam.