Amsoshin Tambayoyinku: Babbar Fankar Sama a Sito, Masallaci da Zauren Taro

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Bazara ta kankama, kuma wasiƙun da suka taru mana a wannan mako yawancinsu a kan fanka suke, musamman irin manyan nan da ake ratayawa a masana'antu da manyan ɗakunan ajiya. Muna tare da injiniyoyi biyu, ɗaya na lantarki, ɗaya na gine-gine. Barkanku da zuwa.

Wasiƙar farko daga wani ɗan kasuwa ce a Dawanau, Kano. Ya ce yana da sito mai tsawon mita 60, faɗin mita 24, tsayinsa daga ƙasa zuwa ƙarfen rufi mita 9. Leburori ba sa iya aiki a ciki bayan azahar. Yana tambaya, ƙananan fankoki zai jera da yawa, ko manya zai saya, kuma guda nawa?

Injiniyan lantarki: To, Alhaji, a gini mai tsayin mita 9 ƙaramar fanka ba ta da abin yi. Fankar gida mai inci 56 faɗinta mita 1.4 ne, tana juyawa wajen sau 300 a minti, amma iskarta siririya ce, kafin ta sauko daga can sama ta watse. In kuma ka ce za ka zuro ta ƙasa da dogon bututu, buhuna da motar ɗaga kaya za su riƙa dukanta.

Babbar fanka dabararta daban ce. Ana yin ta daga faɗin ƙafa 8 har zuwa ƙafa 24, wato mita 7.3. Mafi girman ba ta wuce juyi 60 ko makamancin haka a minti, har kana iya bin fiffike ɗaya da ido. Amma da'irar da take sharewa ta kai ta ƙananan fankoki wajen 27. Tana turo iska ƙasa a dunƙule, in ta bugi daɓe sai ta bazu ta kowane gefe, ta bi jikin mutum tun daga ƙafa. A Kalifoniya ta Amurka aka fara yin ta a ƙarshen shekarun 1990, domin sanyaya shanun madara a garke, daga baya masana'antu suka ɗauka.

Lissafin sitonka kuwa, ƙa'idar da ake bi ita ce a bar tazarar wajen ninki uku na faɗin fanka tsakanin tsakiyar wannan da tsakiyar waccan, sannan wajen ninki ɗaya da rabi daga bango. Saboda haka fanka uku masu mita 7.3 sun ishe ka, a jere a tsakiyar ginin: ta farko a mita 10 daga bangon ƙarshe, ta biyu a mita 30, ta uku a mita 50.

Sai dai akwai sharaɗi. Wannan lissafi na fili ne. In ka tsibe buhunan masara har mita 5 hagu da dama, iska za ta sauko ta daki saman tsibin ta tsaya nan, mai aiki a lungu ba zai ji komai ba. Ka duba inda mutane suke tsayawa, wato bakin ƙofar lodi, wajen sikeli, wajen ɗinkin buhu, da babbar hanyar tsakiya. Nan za a rataya fanka, ko da hakan ya ɓata jerin.

Injiniyan gine-gine: Bari in ƙara abu ɗaya da ya kamata Alhaji ya ji kafin ya fitar da kuɗi. Fanka ba ta rage zafin ɗaki ko da digo ɗaya, wato digiri ɗaya a ma'aunin Celsius. Ka ajiye ma'aunin zafi a ƙarƙashinta, abin da ya nuna kafin a kunna shi zai nuna bayan an kunna. Aikinta busar da gumi ne, kuma bushewar gumin ce ke sa mutum ya ji kamar zafi ya ragu da digo uku zuwa biyar. Kwanon rufi da rana ta gasa tun hantsi yana ta zubo zafi, iska mai zafi kuma tana taruwa a ƙarƙashinsa. In babu inda za ta fita, babbar fanka ita za ta kwaso ta ta sauke wa leburori a ka. Don haka a fara da buɗe mata hanya: tagogin iska a saman bango, ko mafitar iska a ƙololuwar rufi, da ƙofofi a buɗe ta ɓangare biyu. In da hali a shimfiɗa abin tare zafi a ƙarƙashin kwano, ko a shafa wa kwanon farin fenti ta waje. Wannan kuɗi ba ya cin wuta, kuma shi ke sa fankar ta yi amfani.

Mai gabatarwa: Wannan ya kawo mu ga wasiƙar wata baiwar Allah daga Kaduna, mai sayar da magunguna a sari. Ta ce an ba ta shawarar ta sa babbar fanka maimakon na'urar sanyaya ɗaki.

Injiniyan lantarki: Hajiya, kada ki yi. Kwalin magani ba ya gumi. In an rubuta a jikinsa a ajiye ƙasa da digo 25 ko 30, to na'urar sanyaya ɗaki kawai za ta ba ki wannan. Fanka tana iya taimaka wa na'urar wajen raba sanyin ko'ina, amma ba ta maye gurbinta.

Mai gabatarwa: Sai kuma kwamitin wani masallacin Juma'a a Sakkwato. Sun ce wani attajiri ya yi alkawarin saya musu babbar fanka. Tsayin masallacin mita 4 ne zuwa silin, akwai ginshiƙai da yawa, sai ƙubba a tsakiya mai tsayin mita 10. Ina ya dace a sa?

Injiniyan gine-gine: Allah ya saka wa mai bayarwa da alheri, amma a auna kafin a saya. Babbar fanka tana son fukafukanta su kasance aƙalla mita 3 daga ƙasa, tana kuma son sarari na mita ɗaya ko fiye a samanta inda za ta jawo iska. In aka manna ta da silin, za ta yi ta juyawa ba ta da abin turawa. Sannan a bar aƙalla santimita 60 tsakanin bakin fiffike da duk wani abu, ginshiƙi ne, fitila ce ko lasifika. A mita 4 da ginshiƙai, wannan ba zai yiwu ba. A wuraren nan ku tsaya kan fankoki masu inci 56, a jera su da tazarar wajen mita 3, fukafukansu mita 2.4 zuwa 2.7 daga ƙasa. Ku nemi sababbin nan masu ƙarancin cin wuta, wat 30 zuwa 35, maimakon tsofaffin da ke cin wat 70 zuwa 80.

Ƙarƙashin ƙubba ne kawai babba za ta zauna, kuma a nan nake roƙon kwamiti su yi haƙuri su saurare ni da kyau. Fanka mai ƙafa 24 nauyinta ya haura kilo 100, kusan buhun masara guda ke nan a rataye a kan sahu. Ba nauyin kaɗai ba, duk lokacin da ta tashi ko ta tsaya tana murɗa abin da aka ɗaure ta a kai. Ba a rataye ta a katakon rufi, ba a rataye ta a ƙaramin ƙarfen da ke riƙe kwano, ba a kuma lanƙwasa rodi a yi mata ƙugiya irin ta fankar gida. Ana ɗaure ta a babban ƙarfen gini da maƙalar da kamfanin ya aiko da ita, ko a kankare mai kauri da kusoshin da injiniya ya ƙayyade. Ƙubbobi da yawa ado ne, fatarsu siririya ce. Sai injiniyan gini ya hau ya gani, in ba za ta ɗauka ba a gitta ƙarfe daga bango zuwa bango.

Akwai wayar ƙarfe ta tsaro da ke zuwa a cikin kwalin. Ana zagaya ta a jikin ƙarfen gini daban da maƙalar, ta yadda in noti ya kwance fankar ba za ta faɗo ba. Masu ɗaurawa da yawa suna barin ta a kwali saboda sauri. Kada ku biya kuɗin aiki sai wani daga cikinku ya gan ta da idonsa. In kuma bututun ratayawa ya wuce mita ɗaya da 'yan kai, sai an ɗaure shi da wayoyi huɗu ta kusurwa huɗu, in ba haka ba iskar hadari ta shigo fankar ta riƙa lilo.

Injiniyan lantarki: Abu biyu kuma na masallaci da zauren taro. Kada fitila ta kasance a saman fukafukai, domin duk wucewar fiffike haske zai ɗauke ya dawo, mai karatu ya kama ciwon kai. A sauko da fitilun ƙasa da fankar ko a matsar da su gefe. Na biyu, akwatin da ke sarrafa gudun fankar yana iya sa lasifika ta riƙa ƙugi. Maganinsa a raba wayar fanka da wayar makirufo, kada su bi bututu ɗaya, a kuma haɗa wayar ƙasa yadda ya kamata.

Tun da Sakkwato ce, sai in ƙara da wannan. A watan Afrilu zafi kan haura digo 40, alhali fatar mutum wajen 35 take. A irin wannan rana iskar fanka ta fi jiki zafi, kuma dattawa ba sa yin gumi kamar matasa. Kada a dogara da fanka kaɗai, a tanadi ruwan sha, a buɗe tagogi, wanda ya ji jiri ya jiƙa kansa da rigarsa.

Mai gabatarwa: Wani mai ɗakin taro na biki a Maraɗi yana tambaya ko sola za ta ɗauki irin wannan fanka, kuma me ya sa ta maƙwabcinsa ta ƙone cikin wata shida.

Injiniyan lantarki: Za ta ɗauka. Mafi girma tana cin kilowat 1 zuwa 1.5 in an sake ta gaba ɗaya, wato awa 8 yunit 8 zuwa 12 ke nan a mita. In aka rage gudunta zuwa rabi, cin wutar yana sauka ƙasa da kwata. Tana kuma tashi a hankali, ba ta fizgar wuta kamar injin niƙa, don haka inbata mai kilowat 3 za ta riƙe guda ɗaya cikin sauƙi, muddin ba a ɗora mata wasu manyan kaya ba. Amma ka tambaya tun kafin saye, ta layi ɗaya ce mai bolt 230, ko ta layi uku mai bolt 400? Mutane kan kawo ta layi uku gida su tarar ba su da layin.

Ta maƙwabcinka kuwa, mafi yawan lokaci injin lafiyarsa lau, akwatin sarrafawa ne ke mutuwa. Abubuwa uku ke kashe shi: wuta ta dawo da ƙarfi bayan ɗaukewa, layi ɗaya cikin uku ya faɗi, ko tsawa a damina. A sa masa na'urar kare hauhawar wuta, da wadda ke yanke wuta in layi ya faɗi ko ta yi rauni, a ba shi makatsar wuta tasa shi kaɗai. Kashe fanka kafin a sauya daga wutar gari zuwa janareta. Sai ƙurar hunturu, wadda ke toshe ramukan shan iskar akwatin har ya yi zafi. Duba lambar kariya daga ƙura da ruwa da ke jikinsa, ka nemi IP55 ko sama da haka.

Injin kuma iri biyu ne. Akwai mai giya, akwai wanda fukafukan ke ɗaure kai tsaye a jikinsa. Mai giya yana da 'yar ƙara, yana da mai a ciki, kuma in robar bakinsa ta tsufa man yana ɗigowa. A kan kafet ko kan abinci wannan ɓarna ce. Ni a ɗakin taro marar giya zan zaɓa: shiru yake, babu mai, sai dai in allon lantarkinsa ya lalace ba kowane mai gyara ke taɓa shi ba. Saboda haka ka tambayi dillali ko yana da akwatin canji a shagonsa yanzu, ba sai an yi oda ba, kuma garantin a rubuce, na inji daban, na akwati daban.

Mai gabatarwa: Ta ƙarshe gajeriya ce, daga wani manajan masana'anta a Bompai. Gininsu yana da bututun yayyafin ruwa na kashe gobara. Akwai matsala?

Injiniyan gine-gine: Akwai, in ba a kula ba, domin iska tana karkatar da ruwan tana kuma hura wutar. Ƙa'idar kashe gobara ta Amurka, wadda masu harkar ke bi a ƙasashe da yawa, ta ce fankar ta zauna a tsakiyar kawunan yayyafi huɗu, a bar aƙalla santimita 90 tsakaninta da su ta tsaye, kuma a haɗa ta da ƙararrawar gobara yadda da ruwa ya fara gudu za ta mutu da kanta. In kuma wurin ana niƙa gari ne ko ƙura mai kama wuta tana tashi, a faɗa wa mai sayarwa tun farko, don injin irin wurin daban ne.

Sau ɗaya a shekara, bayan hunturu kafin zafi ya shigo, a kashe wuta daga makatsa, a kulle ta, a hau a goge fukafukai duka, domin ƙurar da ta fi yawa a ɗaya ita ke sa rawa. A bi notuna da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, a duba wayar tsaro ko ta fara tsinkewa, a duba gindin kowane fiffike ko akwai tsaga. Fiffiken da ya lanƙwashe ba a miƙe shi da guduma, ba a kai shi wajen mai walda, sabo ake sawa daga kamfanin da ya yi fankar.

Mai gabatarwa: Mun gode, injiniyoyi. Sauran wasiƙun da suka shafi famfon sola za mu karanta su mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.